Kwamfutar Falo Mai Kamo Tashoshin Kebul Na Kuɗi: Yadda Ake Haɗa Ta Da Inda Take Aiki

Idan kana shiga Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, wata rana kana iya cin karo da wani ɗan baƙin akwati cikin kayan tokunbo mai suna HDHomeRun Prime, ko wani allon kwamfuta da aka rubuta Ceton a jikinsa. Kowannensu yana da wata siririyar kafa ta zura kati. Wanda bai san kan abin ba sai a ce masa da wannan ake buɗe tashoshin kuɗi a kwamfuta ba tare da dikoda ba. Maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma a Amurka aka yi hakan, kuma da sharuɗɗa masu tsauri. Ga yadda abin yake, don kada wani ya zuba kuɗinsa a rijiya.

Mece ce kwamfutar falo

Kwamfuta ce irin wadda kowa ya sani, sai dai an haɗa ta don ta zauna ƙarƙashin talabijin a falo maimakon kan tebur. Da rimot ake sarrafa ta daga kan kujera, rubutunta manya-manya ne yadda za a karanta daga nesa. Aikinta ta kamo tashoshi, ta naɗi shiri idan ba ka nan, ta tsayar da wasan da ake yi kai tsaye har ka je ka dawo, ta kuma ajiye finafinai da hotuna wuri guda. Kamfanin Microsoft ne ya fi yayata ta, da ya fitar da Windows XP Media Center Edition a 2002.

Kamo tashar kyauta bai taɓa zama wahala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne tashar da aka kulle.

Yadda ake kulle tasha

A Amurka, kebul waya ce ta gaske, mai kauri da jan ƙarfe a tsakiya, wadda ake jawowa daga titi har cikin gida. Tashoshi ɗaruruwa suna gudu a cikinta lokaci guda, kuma duk suna isa kowane gida, da wanda ya biya da wanda bai biya ba. Don haka kamfani ke hargitsa hoton da sautin kafin ya sako su. Wanda zai warware hargitsin yana buƙatar mabuɗi, mabuɗin kuwa canzawa yake bayan 'yan daƙiƙu. Ana aiko sabon mabuɗin ta cikin wayar, shi ma a kulle, kuma na'urar da kamfani ya amince da ita ce kaɗai ke iya buɗe shi. Bayan wannan akwai wani saƙon da ake aikowa gida-gida, mai cewa wane ya biya na tashoshi kaza har zuwa ranar kaza.

Kun ga kenan ƙarfin kwamfuta ba ya shiga wannan lissafi. Ko ka sayi mafi tsada a duniya, idan mai mabuɗi bai ba ta ba, baƙin allo za ta nuna maka. Kamar ka kawo tirela sabuwa fil bakin kara ne ba ka da takardar lodi. Motar lafiyarta ƙalau, amma ba saniyar da za ta hau.

Dokar da ta tilasta a ba da katin

Shekara da shekaru mutanen Amurka ba su da zaɓi sai su karɓi hayar akwatin kamfanin kebul, suna biya duk wata, ban da kuɗin tashoshi. Wasu sanatoci biyu, Ed Markey da Richard Blumenthal, sun bincika a 2015 suka ce gida guda kan kashe kimanin dala 231 a shekara a kan hayar akwati kawai. Tun 1996 majalisar ƙasar ta sa wani sashe, na 629, a dokar sadarwa, wanda ya umarci hukumar FCC ta tabbatar mutum zai iya sayen na'urarsa a kasuwa ya kalli tashoshin da ya biya.

Dabarar da aka fito da ita ita ce a raba mabuɗi da akwati. Aka cusa duk aikin buɗewa cikin wani kati na ƙarfe, faɗinsa kamar katin ATM amma ya fi shi kauri, aka sa masa suna CableCARD. Cibiyar CableLabs, wadda kamfanonin kebul ɗin suka kafa da kansu, ita ke tantance na'urar da za a yarda a zura mata shi. Katin ya fara shiga hannun jama'a a 2004, yana buɗe tasha ɗaya tak a lokaci guda. Daga baya aka yi wanda ake kira M-Card, mai buɗe har shida. Ranar 1 ga Yuli 2007 FCC ta ƙara matsa lamba: ta ce su ma kamfanonin dole sababbin akwatunansu su yi aiki da katin, don idan su ma suna shan wahalarsa za su gyara shi.

Katin fa ba sayarwa ake yi ba. Mallakar kamfani ne, haya ake ba ka, wasu kyauta, wasu 'yan daloli a wata.

Kwamfuta ta samu shiga a 2007, da na'urar ATI TV Wonder Digital Cable Tuner a kan Windows Vista. Amma a lokacin ba a yarda ka haɗa da hannunka ba, sai dai ka sayi kwamfuta sukutum daga kamfanin da aka tantance. A watan Satumba 2009 aka ɗage wannan sharaɗi saboda Windows 7. Daga nan ne masu haɗa kwamfuta a gida suka samu ƙofa.

Kayan da ake tarawa

Abu na farko, kuma shi ne zuciyar aikin, na'urar kamo tasha mai kafar kati. Uku ne suka yi suna. Ceton InfiniTV 4 ta fito a 2010 a kan dala 399, ana soka ta cikin kwamfutar, tana kamo tasha huɗu lokaci guda da kati ɗaya. A 2013 aka yi mai shida. HDHomeRun Prime ta kamfanin SiliconDust ta fito a 2011, tana kamo uku, ita kuma a waje take zama, ana jona ta da rauta ta waya, duk kwamfutocin gida su raba. Sai Hauppauge WinTV-DCR-2650 mai kamo biyu, ta kafar USB. A ganina ta SiliconDust ta fi dabara. Mai shiga ciki zafi take yi sosai, ga shi akwatin kwamfutar falo matsattse ne, ita kuwa ta waje ko ka canja kwamfuta tana nan inda take.

Sauran kayan ba sa buƙatar tsada, kuma a nan mutane da yawa ke ɓarnar kuɗi. Furosesa Intel Core i3 ta zamanin 2011 ta wadatar, da ɓangaren hoton da ke cikinta, ba sai an ƙara wani katin hoto ba. Dalili kuwa kwamfutar ba ta sarrafa hoton yayin naɗa, yadda ya zo daga waya haka take zuba shi a rumbu. RAM gigabayit 4 ya isa mai talabijin ɗaya. Abin da ba a wasa da shi shi ne kafar HDMI mai goyon bayan HDCP, wato kullen da ke tsakanin kwamfuta da talabijin. Idan kwamfutar ko talabijin ɗin ko na'urar sautin da ke tsakaninsu ba ta da shi, tashar kuɗi ba za ta fito ba.

Rumbun ajiya shi ne mai cin wuri. Tashar HD a kebul ɗin Amurka a wancan lokaci kan zo da nauyin wajen megabit 15 a daƙiƙa. In ka buga lissafi, awa ɗaya tana cin kusan gigabayit 7, wato terabayit ɗaya zai ɗauki awa 150 ko ƙasa da haka kaɗan. Masu hankali rumbu biyu suke sawa: ƙaramin SSD don Windows, babba mai juyawa don naɗe-naɗe. Idan kuma na'urar kamo tashar ta rauta ce, to a ja waya. Tasha uku a lokaci guda megabit 45 kenan ba tsayawa, Wi-Fi na wancan zamani kuwa sai ya riƙa yanke hoto.

Sai maganar ƙara. Kwamfutar da za ta kwana a kunne a falo ba a son fankarta ta riƙa gurnani ana tsakiyar fim. Shi ya sa ake neman manyan fankoki masu juyawa a hankali, da akwati kwantacce irin na SilverStone ko Antec mai kama da rediyon falo. A ƙarshe rimot mai koren maɓalli a tsakiya, da 'yar na'urar karɓar saƙonsa ta USB.

Ɗaura kati da na'ura

Bayan an gama haɗa ƙarfe, saura izini, kuma hawa-hawa ne. Da farko a cikin Windows Media Center ana gudanar da wani ɗan gwaji mai suna Digital Cable Advisor, ya duba ko kwamfutar ta cika sharuɗɗa. Sai a sa PlayReady, manhajar Microsoft mai tsare abin da aka naɗa. Sai a zura katin, allo ya nuna wasu dogayen lambobi: lambar katin, lambar na'urar da aka zura shi, a katunan Motorola har da lamba ta uku. Za ka buga wa kamfanin kebul waya ka karanto musu, su ɗaura katin da wannan na'ura a rajistarsu. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya sa wasu tashoshi su buɗe wasu su ƙi. Da can sai ma'aikacin kamfani ya zo gida, daga 2011 ne aka wajabta musu barin mutum ya sa da kansa.

Katin da aka ɗaura da na'ura ɗaya, in ka cire ka kai wata, manyan tashoshi ba za su buɗe ba sai an sake ɗaurawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa katin tokunbo da aka tsinto cikin kwantena ba shi da wani amfani.

Akwai wata matsalar kuma. Na'urorin nan karɓa kawai suke, ba sa iya mayar wa kamfani magana ta wayar kebul. Don haka finafinan da ake zaɓa a biya nan take ba sa samuwa. Wasu kamfanonin kuma, don tsimin wuri a waya, ba sa sako wasu tashoshi sai wani a unguwar ya nema. A irin waɗannan wurare dole a ƙara maka wani akwatin daban da ake jonawa ta USB, shi ke aika buƙatar. Ka gudu daga akwatin kamfani, ga wani akwatin kamfanin ya biyo ka.

Tambarin da ke kan kowane shiri

Wannan ɓangaren shi ya fi muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Kowane shiri yana zuwa da wata 'yar alama a ɓoye, kamar yadda ake yi wa saniya tambari a cinya don a san mai ita. Alamar iri uku aka fi gani: a kwafa yadda aka ga dama, a kwafa sau ɗaya, kada a kwafa sam.

Mai alamar farko, da zarar kati ya buɗe shi, ya zama fayil kamar kowane. Kana iya kallonsa da MythTV a kan Linux, ko Kodi, ko Plex, ka tura wa wayarka, ba mai hana ka. Mai alamar sau ɗaya kuwa, na'urar ba za ta miƙa shi ga kowace manhaja ba sai wadda CableLabs ta amince da tsaronta. A cikin manhajojin kwamfuta, Windows Media Center ce ta riƙe wannan matsayi tsawon shekaru. Tana naɗa, amma ta sake kulle fayil ɗin da mabuɗin da ya dogara da wannan kwamfutar ita kaɗai. Ka kwafe shi zuwa wata kwamfutar, ba zai buɗe ba. Babban allon kwamfutar ya ƙone ka sa sabo, ko ka goge Windows ka sake sawa, to naɗe-naɗen shekaru suna iya zama tarkace, suna nan a rumbu amma ba mai iya kallonsu. Hanyar da aka bari ta kallo a wani ɗaki ita ce ta na'urar da ke jawo hoto daga uwar kwamfutar, mafi shahara Xbox 360, kuma har biyar ake iya jonawa.

Wa ke sa alamar? Kamfanin kebul, bisa yarjejeniyarsa da masu tashoshi. Tashoshi irin su HBO kusan ko'ina sau ɗaya ne. Amma Time Warner Cable ya yi suna wajen sa wa kusan duk tashoshinsa wannan alama in ban da na gari, alhali Comcast da Verizon sun bar yawancinsu a sake. Wato mutum biyu su sayi kaya iri ɗaya, kuɗi ɗaya, ɗaya ya samu 'yanci ɗaya ya samu ƙangi, saboda kawai unguwar da kowa ke zaune.

Yadda abin ya mutu

Ba a rana ɗaya ya mutu ba. Microsoft ce ta fara janye jiki. A Windows 8 ta mayar da Media Center abin saye daban, da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli 2015 kuwa babu ita kwata-kwata. Masu tashoshin sau ɗaya suka maƙale a kan Windows 7, wadda ita ma aka daina tallafa mata ranar 14 ga Janairu 2020. A wannan watan ne kuma jadawalin shirye-shiryen da Microsoft ke aikowa kyauta ya tsaya. Masu naci suka koma wata manhaja mai suna EPG123, suna biyan Schedules Direct kuɗin shekara don samun jadawali.

Ta ɓangaren doka ma haka. Majalisa ta yi doka a 2014 da ta soke tilascin nan na 2007, ya daina aiki a ƙarshen 2015. A 2016 shugaban FCC na lokacin, Tom Wheeler, ya kawo wani sabon tsari na buɗe akwatin, kamfanoni suka yi masa ca, ba a kai ga kaɗa ƙuri'ar ƙarshe a kansa ba. A Satumba 2020 hukumar ta soke ƙa'idojin da suka wajabta wa kamfanoni tallafa wa masu katin. A 2024 Comcast ya daina ba da sababbin katuna. Ko a lokacin da abin ke tashe, katunan da ke cikin na'urorin da mutane suka saya da kansu, har da na TiVo, ba su taɓa kai miliyan ɗaya ba, alhali na cikin akwatunan haya sun kai miliyoyi gommai. Yanzu kamfanonin sun karkata ga aika tashoshi ta intanet, inda katin ba shi da aikin yi.

A Turai an bi wata hanya mai kama da wannan. Talabijin da wasu na'urorin kwamfuta, irin na TBS da Digital Devices, suna da kafar da ake kira CI, a zura wani gida na ƙarfe, a cikinsa kuma a zura katin kamfani. Ya yi aiki da kyau har aka fito da CI+, wanda ke sake kulle hoton tsakanin gidan katin da talabijin. Talabijin sun samu takardar amincewa, kwamfutocin haɗin gida aka bar su a waje.

To mu nan fa?

A nan ne ake ruɗewa, don mu duk abin da ake biya duk wata kebul muke ce masa. Amma DStv ta tauraron ɗan'adam take zuwa, a kama da dish. GOtv da StarTimes ta eriya kuwa daga dogayen turaku suke watsowa ta iska. Tsarin siginarsu DVB ne, na'urorin Amurka da na lissafa kuwa wani tsari daban suke ji mai suna QAM na cikin waya. Ko ka jona musu wayar dish ba abin da za su gani. Ga kuma wuta: tasu bolt 120 ce, tamu 230, sai an duba abin da aka rubuta a jikin caja kafin a soka.

Ko da ka sayi na'urar da ta dace da tauraro, wato DVB-S2 mai kafar kati, ba ka tsira ba. MultiChoice da tsarin Irdeto yake kulle tashoshinsa, kuma katin a ɗaure yake da dikodar da aka sayar maka tare da shi. Ka cire ka sa a wani wuri, ba zai buɗe ba.

Abin da kwamfutar falo za ta yi maka a Agege ko Sabo ta Ibadan ko Fatakwal shi ne wannan. Da na'urar DVB-S2 da dish za ta kamo maka tashoshin kyauta, ta naɗa, ba ka biyan kowa. Za ta ajiye maka finafinai da karatuttuka da wa'azi da hotunan biki. Idan kana da rajistar DStv mai rai, kana iya shiga DStv Stream ta intanet ka kalla a kanta, sai dai data za ta sha: hoto mai nauyin megabit 5 yana cin sama da gigabayit 2 a awa, wasan ƙwallo ɗaya ya haura 3 kenan. Mafi sauƙi shi ne dikoda a kafar HDMI ta ɗaya, kwamfuta a ta biyu, ka riƙa sauyawa da rimot. Mai son naɗar tashoshin kuɗi kuma, Explora don haka aka yi ta. Kuma a tuna da NEPA: kwamfutar da ke tsakiyar rubutu a rumbu aka ɗauke wuta tana iya lalata fayil, wani lokaci har da rumbun, don haka UPS ko inbata na cikin lissafin kuɗin tun farko.

Saura masu zuwa da dongul ko wata dikoda su ce ka biya sau ɗaya ka kalli komai shekara guda. Abin da suke yi shi ne satar mabuɗin nan mai canzawa daga katin wani, su rarraba ta intanet. Ranar da kamfani ya sauya tsari ko ya rufe katin, allo ya yi baƙi, mai sayarwa kuma wayarsa a kashe. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta haramta karya irin wannan kulle da kuma sayar da kayan karya shi. Masu gidan kallo su suka fi shiga haɗari, tunda a bainar jama'a suke nunawa kuma suna karɓar kuɗin shiga. Su ko rajistar gida ta halal ba ta wadatar musu ba, akwai rajistar 'yan kasuwa daban da MultiChoice ke yi wa otal-otal da gidajen kallo, ita ya kamata su nema a ofishin kamfanin ko wurin dilan da aka amince da shi.